Ranar Da Aka Kai Hajiya Babba Taro

Masu cika min akwatin saƙo da tambayar ko ni ce yarinyar nan ta cikin bidiyo, wadda ta cusa hannu har kafaɗa a tankin gilashi a gaban manyan mutane, to ku huta, ni ce. Rigar ma tawa ce, sabuwa fil, ranar na fara saka ta kuma ranar na gama da ita. Masu cewa aljanuna ne suka tashi, Allah ya ba ku haƙuri, lafiyata ƙalau. Ku dai ku gyara zama ku ji yadda aka yi, in na gama sai ku yanke min hukuncin da kuka ga dama, don har yanzu da nake wannan rubutu raina a ɓace yake.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce autar gidanmu, kuma ƙyanƙyasar kifi ce sana'ata. A bayan gida, inda da ake shanya, na kafa rumfar kwano na jera tankuna. Ina ajiye iyayen tarwaɗa, in fitar da ƙwai, in ƙyanƙyashe, in raini 'ya'yan har su kai tsawon yatsa, sannan masu kiwo su zo su ɗiba. Daga ni sai Umma a gidan, sai kuma Goggo, yayar marigayi babanmu, wadda ta zo yi mana kwana biyu tun bara, kuma har yau kwana biyun ba su cika ba.

Rumfata tana da doka biyu. Ta farko, a bakin ƙofa akwai faffaɗan baho mai ruwan magani, duk mai shiga sai ya tsoma takalminsa a ciki, don cutar kifi a ƙafar mutane take yawo, in ta shiga kuwa sai dai ka wayi gari ka tarar da 'ya'yan kifi sun taso ciki sama. Ta biyu, kifin da ya fita daga rumfar ba ya komowa cikin 'yan'uwansa. Ranar da na fara cewa Goggo ta tsoma ƙafa, kallon da ta yi min sai da na ja da baya. Ta ce ita da ta goyi ubana, yau ni ce zan gaya mata ƙafarta na da datti. Tun daga nan ta ɗora wa bahon karan tsana. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ya ji labarin cewa bahon nan ne ya hana ni aure, wai namiji zai ci kwalliya ya zo zance a tare shi da ruwan wankin takalmi. Kuma gaskiya ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba, mutum biyu na sani da daga bakin bahon suka juya.

Ana cikin haka Sakatare ya ɓullo. A ofishin da ke kula da harkar kifi yake aiki, kuma shi ne sakataren kwamitin da ke shirya babban taron shekara, wanda ake haɗa masu bincike da masu kiwo da jami'an gwamnati a zaure ɗaya su tattauna yadda kiwon kifi zai ɗore ba tare da an ɓata ruwa da ƙasa ba. Ya zo duba gonakin da za a gayyata ne. Dogo, wankan tarwaɗa, don Allah kar ku yi dariya, haka Allah ya yi shi, da gilashi siriri da wani farin takalmi da ko ƙura ba ta taɓa ba. Na nuna masa bahon ina jiran a fara musu. Sai kawai ya ɗage ƙafar wando ya tsoma ɗaya, ya tsoma ɗayar, ya ce min ko a ƙara? Maganin ya bar wa takalmin zane ruwan ƙasa a gefe, ko a jikinsa. Ku mata kun san yadda ƙaramin abu yake shiga zuciya ya shimfiɗa tabarma. Kafin magariba na ajiye lambarsa da sunan Mai Farin Takalmi.

Ya ci gaba da zuwa, kullum da takalmin nan, kullum sai ya tsoma. Umma ta fara fara'a, Goggo kuwa ta ɗauke shi ɗa na cikinta. In ya shigo ita ke shimfiɗa darduma, ita ke kai ruwa, in ya tafi ta zaunar da ni ta karanto min sunayen sa'o'ina da yawan 'ya'yansu. Har aka kai ga maganar magabatansa za su zo ganin Kawu, ƙanin babanmu, bayan an gama taro. Ban ce a'a ba. Ina sonsa, ba zan ɓoye muku ba. Na ɗauka na samu wanda ya gane dalilin bahon.

Yanzu bari in gabatar muku da Hajiya Babba. Uwar kifi ce, tsawonta ya kai hannuna, nauyinta ya fi na sabon jariri, kuma gashin bakinta na hagu guntu ne tun tana ƙarama da raga ta cije shi. Ba saya na yi ba. Tun daga kakarta nake zaɓe, duk ƙyanƙyasa in ware wadda ta fi saurin girma da juriya, in bar ta ta zama uwa. Shekaru na kwashe a kan wannan kafin in samu Hajiya Babba, wadda 'ya'yanta suke girma da ɗan abinci kuma ba sa laulayi. Sai dai ta fara manyanta, ƙwanta na raguwa. Wannan cikin da ta ɗauka shi na ƙwallafa rai a kai, daga cikinsa nake son zaɓar magajiyarta. Sakatare ya san duk wannan, don shi da kansa ya laƙaba min suna Hajiya Ƙarama.

Ana saura 'yan kwanaki taro saƙonsa ya shigo ina tsaka da wankin tanki.

"Hajiya Ƙarama, alfarma nake nema. Za mu kafa tankin gilashi a ƙofar zaure a nuna kifayen gonaki. Ki ba ni aron Hajiya Babba wuni ɗaya, a ga aikinki, a ga sunanki."

Na goge hannu na rubuta masa a'a. Ban tsaya nan ba, na yi masa dogon bayani: cikinta ya nuna, ba ta son jijjiga, kuma in ta shiga ruwa ɗaya da kifin wasu ta bar rumfata ke nan. Na ce in hoto yake so ya zo ya ɗauka ko ɗari ne.

Ya turo fuskar nan mai murmushi da zuciya, ya ce, "Na ji, ranki ya daɗe." Na yi dariya ni kaɗai na koma kan aikina, har ina yaba masa a raina.

Abin da ya kamata ku sani shi ne, tarwaɗar gida ba ta sakin ƙwai don kanta. Sai an yi mata allura, a saka ta ita kaɗai a baho mai murfi, cikin duhu, ba motsi ba hayaniya. Daga nan sai jira. In lokaci ya cika a ɗauko ta da jiƙaƙƙen tawul, a matsa cikin a hankali ƙwan ya zubo a busasshen kwano, a haɗa da ruwan namiji. In ka yi gaggawa ba ya fita, in ka makara ta zubar da shi a ruwa ya lalace. Tsakanin allura da matsa babu abin yi sai kallon agogo, shi ya sa na yi dabara: in yi mata allura da asubar ranar taro, in je in saurari abin da zan saurara, in dawo kafin la'asar in karɓi ƙwaina. Har ina jin kaina wata mai wayo.

Da asuba na yi allurar, na rufe bahon, na ja ƙofa na kulle. Makullin na damƙa wa Umma saboda ko wuta za ta ɗauke a buƙaci tada inji. Na ce mata don Allah ban da wannan kar kowa ya shiga, ko waye. Ta ce ta ji, tana gyara zaren carbinta.

Goggo ce ta hana ni sakat a kan kaya. Ni na yi niyyar saka baƙar doguwar rigata in wuce, ta ce sam, gaban abokan aikin yaron nan za ni, ba zan je kamar mai zaman makoki ba. Ashe ta kai wani yadi ruwan zuma wurin tela an ɗinka min riga mai dogon hannu da duwatsu a wuya, wai sai dai in biya shagon in saka a can don akwai ɗan gyara. Ta feshe ni da turare har sai da na yi atishawa, tana cewa a kashe ƙarnin. Ta miƙo min farin mayafi da takalmi mai tsini, ta raka ni har bakin titi tana hanzarta ni. Goggon da ba ta taɓa raka ni ko zaure ba. A lokacin ban kawo komai a raina ba, na ɗauka zumuɗi ne. A shagon tela kuma ɗan gyaran ya zama warware hannu guda a sake ɗinkawa, ina zaune a benci ina kallon keke har rana ta ɗaga.

Zauren taron a wani babban otal yake, sanyi kamar cikin firji. A ƙofa aka rataya min kati a wuya aka ba ni jaka da biro. Gefe guda a farfajiyar shiga na ga wani abu mai tsayi an lulluɓe shi da koren ƙyalle an ɗaure da jan zare, na san tankin da ake magana ne, na wuce abina. A ciki kowa ya san wurinsa ba tare da an faɗa masa ba: jami'ai a gaba kan kujeru masu laushi, masu bincike a tsakiya kowa da kwamfuta a cinya, mu masu kiwo a baya kusa da ƙofa, inda in waya ta yi ƙara za ka fita ka ji ko famfo ne ya tsaya.

Kar ku ɗauka taron nake kushewa. Ina son taron nan. A nan ne kawai mai kiwo zai miƙe ya gaya wa jami'i a fuskarsa cewa dokar zubar da ruwan tanki da suka rubuta ba ta aiki a unguwar da babu magudana, kuma a rubuta abin da ya faɗa. A nan na koyi shayar da lambun Umma da tsohon ruwan kifi maimakon sakinsa a titi. Ranar ma an yi magana mai ma'ana a kan abincin kifi da ake haɗawa a gida, har wani dattijo a kusa da ni ya ari birona bai dawo da shi ba.

Sai aka kira wata Dakta, 'yar ƙaramar mace mai furfura, mai binciken cututtukan kifi. Ta yi bayanin yadda cuta ke tsallakawa daga gona zuwa gona: aron raga, aron bokiti, takalmin baƙo, sannan uwa uba haɗa kifayen wurare daban-daban a ruwa ɗaya. Wa ke tsaye a gefen allo yana canza mata hotuna? Sakatare. Cikin shuɗiyar kwat, da farin takalminsa mai zane, yana gyaɗa kai a kan kowace jimla. Na dube shi na ji wani alfahari ya cika ni, har na ɗauke shi hoto a ɓoye na tura masa.

Babban baƙon da zai buɗe baje kolin bai zo da safe ba. Aka ce yana hanya. Aka yi azahar, aka raba abinci a kwali, yana hanya. Na fara duba agogo. Na rubuta wa Sakatare cewa zan wuce, Hajiya Babba na jirana.

"Don Allah kar ki tafi," ya amsa nan take. "Minti kaɗan. Akwai abin da na shirya miki."

Na ce masa lokacin ƙwai ba ya jiran babban baƙo. Ya turo hannuwan roƙo har uku, ya ce in ya isa da ni in tsaya. Na tsaya. Na zauna ina lissafin cewa in na samu tasi a bakin otal zan iya cim mata, ina hango ta kwance cikin duhun bahonta ba abin da ya dame ta. Wannan zaman shi ya fi komai ci min rai in na tuna.

Sai da aka kira la'asar jiniya ta tashi a waje. Aka ɗunguma farfajiya, masu hoto suna ture mutane. Sakatare ya ratso taro ya kamo gefen jakata ya kai ni sahun gaba, fuskarsa kamar an yi masa albishir. Babban baƙo ya karɓi almakashi ya yanke zaren, aka yaye ƙyallen, aka ɗauki tafi.

Sunana na fara gani, da ruwan zinare, a jikin gilashin. Sannan na ga kifayen. Manya ne, sun kai shida, daga gonaki daban-daban, an cusa su wuri ɗaya ƙarƙashin farar fitila. Ɗaya yana da farin gyambo a baki, wani fatar bayansa ta saluɓe. A can ƙasa, a kusurwa, wata ƙatuwa ta manna kai da gilashi, maza biyu suna ta tunkuɗarta. Ta juyo, sai ga guntun gashin baki na hagu.

Ruwan ya gurɓace. Wasu ƙananan ƙwayoyi masu ruwan kore-kore suna fita daga ƙarƙashinta suna watsuwa, injin iska yana juya su, sauran kifayen suna bi suna haɗiya. Babban baƙo ya nuna da yatsa ya tambayi mene ne wannan, wani na bayansa ya ce abinci ne aka zuba musu, ranka ya daɗe. Ƙwaina ne. Magajiyar da na shekara ina jira ce ake ci a gabana ana tafi.

Ban san lokacin da na cire takalmi ba. Na ja kujerar wani na taka, na warware mayafina na tsoma shi, na zura hannu biyu har kafaɗa. Wanda ya taɓa kama tarwaɗa ya san ba a yi da kwalliya. Ta yi bulala da jela, ruwa ya tashi ya wanke gaban rigar babban baƙo da kyamarar wani. Na rufe mata ido da mayafin na rungumo ta a ƙirjina na sauko. Wannan shi ne abin da kuka gani a bidiyo. Abin da ba ku gani ba shi ne dattijon nan mai birona, wanda ya ture masu gadi ya juye robar da aka jiƙa lemo a ciki ya kawo min, da sauran masu kiwo da suka zagaye ni suna buɗe robobin ruwan sha suna zubawa. Su ba wanda ya tambaye ni me ya faru, kallo ɗaya suka yi wa ruwan suka gane.

Na shafa cikinta. Ya lafe, ba komai sai ɗan abin da ba a rasa ba, shi ma ya sha ruwa. Na durƙusa a kan tayil ɗin otal, duwatsun rigata suna ɗiga, na ji hawaye na zuwa na hana su, don ban yarda in yi kuka a gaban masu hoto ba.

Sai ga farin takalmi a gabana.

"Wa ya ba ka ita?" na tambaya ban ɗago ba.

"Umma ce ta ba ni makulli. Hajiya Ƙarama, ki yi haƙuri ki tashi, mutane na kallo."

"Da ka tambaye ni, me na ce maka?"

Ya gyara gilashi. "Kin ce a'a. Amma Goggo ta ce kunya ce, wai haka kike, ba kya son nuna kanki, in kin ga sunanki a jiki za ki ji daɗi." Sai ya sunkuyo ya rage murya, kamar mai kawo hujjar da za ta wanke shi. "Kuma wallahi sai da na tsoma takalmina kafin in shiga. Shiga da fita, duka na tsoma."

Na kalli takalmin. Gaskiya ya faɗa, ga sabon zane nan a kan tsohon. A nan ne na gane abin da ban gane ba duk watannin nan. Bai taɓa sanin don me ake tsomawa ba, bai kuma taɓa son sani ba. Ya ga abin yana burge ni ne ya riƙe shi, kamar yadda wani zai riƙe kawo tsaraba. Dogon bayanin da na rubuta masa, da wanda Dakta ta yi yana gyaɗa kai, duk sun bi ta bayan kunnensa. Ni na buɗe baki na ce a'a, aka je aka tambayi Goggo abin da nake nufi.

Dakta ce ta raba mu. Ta tsuguna a gefena da zaninta mai tsada, ta duba bakin Hajiya Babba da fatarta, ta ɗaga kai ta tambayi wanda ya ba da izinin haɗa kifayen nan. Kowa ya kau da kai. Ta ce min tana da tankin keɓewa a wurin aikinta, in na yarda za ta tafi da ita ta sa mata ido, amma ba za ta yi min alƙawarin komai ba, ga shekaru ga wahalar da ta sha yau. Ta san ba zan mayar da ita rumfa ba, ban ma sai na faɗa ba. Na taya aka saka robar a bayan motarta. Haka na tsaya a bakin otal ba mayafi ba kifi, har wata mai kiwo ta yafa min nata.

Ko da na isa gida bidiyon ya riga ni. Goggo na tsakar gida da waya a hannu, ta kunna ta sake kunnawa. Ban gama sallama ba ta fara: na kunyata su, na kunyata yaron kirki a gaban shugabanninsa, na jiƙa babban mutum, duk a kan kifi. Kifi dai, abin da ake sayarwa a bakin titi. Ta ce ita ta shirya komai don a san ni, a daina ce min mai ƙarni, ga sakayyar da na yi mata. Ta ce in ina da sauran hankali in kira shi yanzu in ba shi haƙuri tun magabatansa ba su fasa ba.

Ban tanka mata ba, don in na buɗe baki a lokacin sai an kira Kawu. Na wuce bayan gida. Ƙofar rumfa a buɗe, murfin bahon a jingine, ruwan ya kwanta shiru. Namijin da na ware tun jiya yana ta zagaye a nasa tankin. Busasshen kwanon da na goge da asuba yana nan a kife inda na bar shi, da tawul a ninke a kai. A nan kukan ya ƙwace min.

Ban ji shigowar Umma ba sai da na ji motsin ruwa a bakin ƙofa. Ta tsoma silifas ɗinta, ɗaya bayan ɗaya, ta shigo ta tsaya a kan bahon da na saka Hajiya Babba da asuba. Umma ba mai yawan magana ba ce, tun rasuwar babanmu kuma ba ta taɓa musa wa Goggo ba ko a kan gishirin miya. Ta tambaye ni ƙwan fa. Na ce ya tafi. Ta tambaya ko za a samu wani. Na ce ban sani ba, wataƙila shi ke nan. Ta daɗe tana kallon kwanon nan, sannan ta kwance makullin daga bakin zaninta ta ajiye a kai.

Wayata ta yi ƙara. Mai Farin Takalmi.

"Na san fushi ne, zai wuce. Maganar zuwan su Baba tana nan yadda aka tsara. Ina ƙofar gida."

Na rubuta masa kalma ɗaya, wadda na taɓa rubuta masa. Na nuna wa Umma kafin in tura, ta karanta da ido.

Ko minti ba a yi ba na ji muryar Goggo tana lale marhabin, tana cewa ya shigo ai gidansu ne, 'yar banzar kunya ce ke damuna. Ta jawo shi har wajen rumfa. Ta ramin kwanon rumfa na hango shi, ya cire kwat, yana riƙe da wata leda mai ƙyalli. Da ya iso bakin ƙofa bai jira an ce masa komai ba, ya ɗage wando ya shiga bahon da ƙafa biyu ya tsaya a ciki, yana murmushin nan nasa, yana jiran a ce ya ƙaraso.

Na yunƙura zan tashi, Umma ta dafa kafaɗata. Ita ta fita. Ta tsaya a ƙofar ta cika ta, ita da ba ta da jiki.

"Fito daga ruwan nan, ɗana, kar ka ɓata takalminka," ta ce. "Ta ce a'a."

Goggo ta yi dariya ta ce haba, ke ma kin san halin yara, bakinsu daban zuciyarsu daban.

"A'a ta ce, Yaya. Da asuba ma ta faɗa min, da bakinta, ni ce na bari aka fassara min. Ba zan ƙara ba."

Sakatare ya dubi Goggo, ya dubi Umma, ya fito daga bahon yana ɗiga. Goggo ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce to shi ke nan, tunda abin ya zama haka, bari a kira mai gidan, ta fara laluben lambar Kawu da yatsa tana huci. Kawun da ba a taɓa mayar masa da magana a gidanmu ba.

Umma ba ta ko dube ta ba. Ta jawo kujerar tsugunon da nake zama in ina tace 'ya'yan kifi, ta dasa ta a bakin ƙofar rumfa, ta zauna ta ciro carbinta.

"Ki ce masa ya taho, Yaya," ta ce. "Amma ki gaya masa akwai baho a ƙofa."